A Dawo Mini da Sunana Kafin Jirgin Alhazai Ya Tashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Shekarun Matasan 'Yan Ƙwallo, wanda mu mutanen Gangare muka fi sani da Oga Sakatare.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma fama da jama'a. Ina taya ka murnar kujerar da aka ba ka. Allah ya taya riƙo.

Yallaɓai, sunana Habibu Maikuza. Na san da ka karanta sunan nan, fuskar da za ta faɗo maka ba tawa ba ce. Ta yayana ce, ɗan wasan tsakiya mai lamba huɗu, wanda ya buga wa ƙasar nan ƙwallo, ya buga a Tunisiya da Beljiyam. To, dalilin wasiƙar ke nan. Ni ne Habibun da aka yanka wa rago ranar suna. Tela ne ni, shagona na cikin Gangare a nan Jos. Yayana sunansa na yanka Zubairu, ya girme ni da shekara bakwai, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana yawon duniya da sunana da ranar haihuwata. Ba sai na yi maka dogon bayani ba, domin kai ka tsara abin.

Na so ƙwarai maganar nan ta tsaya tsakanina da kai a ofis, ƙofa a rufe. Sau biyar ina zuwa cikin wata guda. Sau biyu aka ce ka yi tafiya, sau ɗaya kana taro, sau ɗaya na zauna a benci tun hantsi har aka kira la'asar, ashe direbanka ya fitar da kai ta ƙofar baya. Zuwa na biyar ko zama ba a bari na yi ba. Na bar takarda, na bar lambar waya, na aika da saƙo ta bakin limamin unguwarmu. Shiru. Sai ga shi ranar Asabar da ta wuce ina cikin ɗinki na ji muryarka a rediyo, kana yabon wata na'ura da aka kawo mai duba ƙashin wuyan hannu ta faɗi shekarun yaro, kana cewa zamanin rage shekaru ya wuce, wanda duk aka kama ba sani ba sabo. Na tsayar da keke na saurara har ƙarshe. Wallahi ban ji haushi ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda barci ba ya maganinta. Shi ya sa na ɗauko biro.

1. Yadda aka yi

Lokacin ina aji huɗu na sakandare, shekarata goma sha biyar. Kai kuma kana sakataren kulob ɗin unguwarmu, da basfarka da jakar takardunka mai zif. Yaya Zubairu yana da ashirin da biyu. Da safe yana gareji yana fama da injin mota, da yamma ya wanke hannu da fetur ya nufi fili. Duk wanda ya gan shi a tsakiya ya san baiwa ce. Ba shi da gudun a zo a gani, ba ya yanka don a tafa masa. Tsayawa yake daidai inda ƙwallo za ta biyo, ya karɓe ta cikin natsuwa kamar wanda ya zo ɗaukar ajiyarsa, ya miƙa wa na gaba.

Ka zo gidanmu bayan la'asar, ranar da aka yi ruwa da ƙanƙara, ka zauna da Baba a zaure. Ka ce ana ɗibar yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai don su buga wa ƙasa, kuma Zubairu yana da ƙaramin jiki da fuskar yara, takarda kawai ta rage. Ka ce rantsuwar shekaru ta kotu ba za ta wadatar ba, yanzu takardar haihuwa ta asibiti suke so, da ta gama firamare, kuma su dace da juna. Sai ka ce ai a gidan nan akwai yaron da ke da su.

Baba direban gingimari ne, rayuwarsa duk a kan ɗaukar dankalin Turawa ta ƙare, bai san kan takarda ba. Ya tambaye ka ko babu haramci a ciki. Ka ce kowa haka yake yi, kuma sunan ƙaninsa ne, jini ɗaya, ba na bare ba. Ka ce aro ne na wata uku, da an gama gasa za ka dawo da takardun da hannunka. Ni ba a tambaye ni ba. Kirana aka yi aka ce in ɗauko su a ƙasan adakar Inna, mahaifiyarmu. Ba zan yi maka ƙarya ba, da gudu na je, ina murna. Gani nake ni ma zan buga wa ƙasa ƙwallo ko da a takarda ne.

Kai ka cika fom ɗin fasfo da rubutunka. Kai ka sa hannu a gurbin mai tsaya masa, cewa ka san shi tun yana yaro kuma shi ne Habibu. Kai ka zaunar da shi kana biya masa ranar haihuwata har ya haddace, ka kuma gargaɗe shi ya riƙa aske gemu safe da yamma in ya shiga sansani, kada wani ya ga tsiro.

2. Abin da ya biyo baya, da abin da muka ci

An ɗauke shi. Ranar da mai sharhi a rediyo ya fara kwarara sunana, duk layinmu aka kwaso a guje zuwa gidanmu. Daga nan wani babban kulob na gida ya saye shi da wannan fasfon. Bayan kaka biyu ya tafi Tunisiya, daga can Beljiyam, inda ya yi shekarunsa mafi kyau. An kira shi tawagar 'yan ƙasa da ashirin alhali ya ba ashirin da biyar baya. An kuma kira shi babbar tawaga, wani lokaci a fara da shi, wani lokaci ya taso daga benci a ba shi aikin tsare tsakiya in an ci ana son riƙewa. Nakan je gidan kallo in zauna a baya. In ana taken ƙasa kyamara ta biyo fuskarsa, sai in ga sunana rubuce a ƙarƙashin haɓarsa.

Ko bayan rikicin da ya raba garin nan, lokacin da mutumin Gangare ba ya taka Kabong, na Kabong ma ba ya shigowa wajenmu, rigar Yaya ba ta san iyaka ba. Wani abokin karatuna na can yakan aiko ɗan acaɓa da riguna goma goma in ɗinka wa yaran unguwarsu suna da lamba. Wannan abu ya faranta mini rai, kuma har yau ina alfahari da yayana.

Ba zan ɓoye ba, mun ci moriya. Gidan da Inna take ciki a unguwar Rikkos da ƙafarsa aka gina shi. Shi ya kai Baba Makka, shi ya yi wa ƙannenmu mata kayan ɗaki, kekunan da ke shagona ma shi ya saya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta ya ce butulu ne ya rubuto. Kai ma, Yallaɓai, ba ka tashi hannu rabbana ba. Muna gani basfa ta zama mota, mota ta zama jif, Sakatare ya zama Alhaji, yanzu ga shi har Shugaba. Ba wannan na zo nema ba. Wata ukun nan kawai nake tambaya, yaushe za su cika.

3. Abin da na rasa

Bayan gasar farko, wani ɗan jarida ya fara bin makarantu yana tambaye-tambaye. Ka dawo zauren Baba a firgice, ka ce ba zai yiwu a samu Habibu Maikuza biyu masu ranar haihuwa ɗaya a cikin Jos ba, a cire ni daga makaranta kafin a yi rajistar jarrabawar fita. Aka cire ni. Ni safiyo na so in zama, tun ina ƙarami ina sha'awar mutanen nan masu auna ƙasa a tsoffin ramukan kuza. Baba ya kai ni wajen wani tela abokinsa, ya ce ai tela ma awo yake yi. Dariya ya so ya ba ni, amma shi kansa bai yi ba.

Ka kuma ce a daina kirana da sunana a waje, a riƙa ce mini Ƙarami. Yau duk Gangare Tela Ƙarami aka sani. Ba ni da asusun banki, na matata muke amfani da shi. Ban taɓa jefa ƙuri'a ba. Duk inda za a ce kawo takarda, sai in juya in ce zan dawo.

Ranar ɗaurin aurena abin ya zama abin dariya. Na dage sai an buga sunana na gaskiya a kati, tunda aure ba a ɗaura shi da laƙabi. Kafin azahar 'yan acaɓa sun cika layi har bakin titi, kowa ya zo ganin ɗan ƙwallo. Abincin da aka dafa wa dangi ya ƙare kafin dangi su iso. Da aka nuna musu ango, sai na ji ana cewa ai wannan telan nan ne. Wata jarida kuma ta buga cewa tauraro ya yi aure a ɓoye, matar Yaya ta kwana biyu ba ta amsa wayarsa ba. Yanzu in an tuna ana dariya, ni ma ina taya su. A ranar dai ji na yi kamar baƙo a bikina.

Bana 'yata ta fari ta shiga makaranta. Malama ta tambaye ta sunan babanta, ta faɗa, sai 'yan aji suka ce ƙarya take yi, babanta tela ne. Ta dawo gida tana kuka tana tambayata wane ne mai gaskiya. Na ce mata duka biyun. Ba ta gane ba, ni ma ban san yadda zan ƙara mata bayani ba.

Sana'ata kuwa ta ƙara mini. Ban san iyakar rigunan da na yanka wa haruffa na ɗinka HABIBU a bayansu ba, da lamba huɗu a ƙasa. Yaro zai tsaya a kaina yana gyara mini, wai kada in ɓata sunan gwaninsa.

4. Abin da shi ya rasa

Kada ka zaci ni kaɗai aka cuta. Takarda ta rage wa Yaya shekara bakwai, amma ba ta gaya wa gwiwarsa ba. Masu horarwa na can suna ba shi aikin ɗan shekara ashirin yana da ashirin da bakwai. Likitan kulob ya ɗauki hoton gwiwar ya yi ta juya shi yana mamaki, Yaya kuma ba halin ya buɗe baki. Sai ya riƙa ɓoye ciwo, a yi masa allura ya shiga fili. A shekarun da takarda ta ce yanzu ne zai fara nuna kansa, a lokacin ne jiki ya fara ƙi. Aka ce ya yi ƙiba, aka ce kuɗi sun lalata shi, 'yan kallo suka riƙa yi masa ihu. Aka daina kiransa tawagar ƙasa ba tare da ko waya ba. Ya sauka rukuni na biyu, daga nan wani ƙaramin kulob a wani tsibiri, bara kuma ya tattaro ya dawo gida.

Sau biyu ana yi masa aiki a gwiwar dama, ta hagu ma tana jiran nata. Yanzu a kan kujera yake salla. Jaridu suna tambayar me ya sa yaro ɗan shekara ashirin da shida ya ajiye takalmi. Tun da ya dawo ba ka leƙo ba, alhali daga ofishinka zuwa Rikkos ba wata tafiya ba ce. Ɗansa da aka haifa a Beljiyam, takardar haihuwarsa ni ta rubuta a matsayin uba. Kai malami ne daidai gwargwado, ka san nauyin wannan a addini.

Akwai kuma wani abu da ban lura da shi ba sai kwanan nan. Yaya ɗan fari ne, kuma ka san iyayenmu mata da alkunya, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Yayanku take cewa, ko ɗan nan. Mu ƙanne Yaya muke ce masa. Matarsa da sunan ɗansu take kiransa. Duniya kuma Habibu ta sani. Baba kaɗai ne yake ce masa Zubairu, shi kuwa ya rasu shekara biyu da suka wuce, bayan ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga ranar babu bakin da ya sake furta sunan. Ni an karɓe nawa, shi nasa ya ɓace a cikin gida ba wanda ya sace.

Kafin Baba ya rasu, lokacin da harshensa ya yi nauyi, ya riƙe hannuna ya nemi in yafe masa maganar zauren nan. Na yafe masa tun ba a je ko'ina ba. Ya mutu yana jiran ka dawo da takardun da ka ara.

5. Abin da ya kawo ni

Duk abin da na lissafa a sama na haƙura da shi, da ma zan iya ci gaba da haƙuri har in mutu ina Tela Ƙarami. Maganar Inna ce ta fito da ni.

Mutanen unguwa sun daɗe suna ce mata Hajiya saboda ita ce uwar ɗan ƙwallo, ita kuwa ba ta amsawa, tana cewa a bari sai ta je. Sau da dama Yaya ya so ya biya mata. Da farko ta ce Baba ya fara zuwa. Da ya dawo ya kwanta ciwo, ta ce ba za ta bar shi a hannun kowa ba, ta yi shekara shida tana jinya. Kafin ta gama takaba idonta na dama ya tafi. Na hagu yanzu shi ma yana bin sahu. Likitan ido ya gaya mana a fili cewa ɗan hasken da ya rage mata ba lallai ya kai baɗi ba. Ita ba ta roƙi komai ba illa ta ga Ɗakin Allah da wannan ragowar idon, ko da dishi-dishi ne.

Yaya ya biya kujera biyu bana, tata da ta wanda zai riƙe mata hannu. Shi ba zai iya ba, mutumin da ba ya iya hawa matakala uku ba zai yi ɗawafi da tsohuwa a cikin turmutsitsi ba. Ƙannenmu mata suna gidajen mazansu, biyu da goyo, ɗaya da tsohon ciki. Ni ne nake jan ta zuwa asibiti, ni na san maganin da ake ɗiga mata da lokacinsa, kuma da kafaɗata ta saba.

Bana aka ce alhazai sai da fasfo na ƙasa da ƙasa, sabon nan mai ɗaukar zanen yatsa. Nata ya fito ba matsala. Ni kuwa da na je ofishin fasfo na faɗi sunana, da sunan mahaifina, da ranar haihuwata da garinmu, sai na'ura ta fito da hoton Yaya, domin ya riga ya sabunta nasa da yatsunsa. Aka shigar da ni wani ɗaki aka yi ta yi mini tambayoyi har yamma, ana zaton ni ne mai son satar sunan ɗan ƙwallo. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi. Da na ba da labarin tun daga zaure, wani babban jami'i mai furfura ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce in ina son a gyara, abu uku ne: mai riƙe da fasfon ya zo da kansa ya miƙa shi, a kawo takardun asali, sannan wanda ya tsaya masa a fom ɗin farko ya yi rantsuwa a kotu a kan abin da ya sani. Na farkon yana hannunmu. Biyun ƙarshe suna hannunka.

6. Hanyoyin da aka nuna mini

Na san abin da za ka ce, domin kowa ya riga ya faɗa mini. Wasu sun ce in je kotu in rantse da wata ranar haihuwa daban, in ƙara wani suna a tsakiya, kafin azahar an gama. Wasu sun ce tunda ya ɗauki nawa in ɗauki nasa, in zama Zubairu ɗan shekara talatin da uku, an yi musaya ke nan. Wani ma har ya kawo mini mutumin da zai yi aikin.

Na yi tunani, Yallaɓai, ba sau ɗaya ba. Amma ka duba inda za ni. Zan ɗora hannu in rantse a kan ƙarya don in samu takardar zuwa Ɗakin Allah, in tsaya a Arfa ina roƙon gafara da ƙaryar rataye a wuyana cikin jakar alhazai? Na gaya wa Inna shawarar don in ji ta bakinta. Ta ce ƙarya ɗaya aka yi a zauren gidanta tana jin ta ta bayan labule ba ta ce komai ba, ga inda ta kai mu. Ta ce in sai an yi ta biyu za ta je, to ta haƙura, ta gani a lahira. Ka san tsofaffinmu in sun faɗi magana. Saboda haka in ba ka zo ba, ba ni kaɗai zan rasa tafiya ba.

Buƙatuna

Na ɗaya, ka zo mu je kotu tare, ni da kai da Yaya, ka faɗi abin da ka sani ka sa hannu. Ba sai ka ƙara ko ka rage ba.

Na biyu, ka dawo mini da takardar haihuwata da ta gama firamarena. Shekara huɗu da suka wuce, a wajen wata jana'iza, ka gaya mini suna nan a fayil ɗinka a gida. In sun ɓata, ka faɗa a rubuce.

Na uku, ka yi wannan da wuri. Masu kula da alhazai sun ba mu wa'adin miƙa fasfo, kuma daga yau da nake rubutu saura kwana goma sha tara. Aikin gyaran kansa zai ci kwanaki.

Na huɗu, in na'urarka ta kama wani yaro, kafin ka kira 'yan jarida ka tambaye shi wa ya cika masa fom, kuma sunan wa yake ɗauke da shi. Akwai wani ƙane a gida da aka ce ya yi shiru na wata uku.

Ba na neman sisinka, ba na kuma neman a sauke ka. Ban rubuta sunanka a nan ba, ko da yake ka san na san shi har na kakanka. Na san in ka sa hannu kujerarka za ta iya girgiza. Yaya ma lauya ya gaya masa zai iya gurfana gaban alƙali, za a iya goge duk abin da ya yi a fili, jaridun da suka yabe shi su zage shi. Ya ce ya ji. Ya ce ya gaji da waiwayawa in an kira ƙaninsa.

Wannan ƙarshen yau na ƙara shi. Jiya da hantsi na kai wasiƙar nan Rikkos na karanta wa Yaya da Inna, shi yana kan kujerarsa ƙafa a miƙe, Inna tana kan tabarma ta juya fuska wajen hasken ƙofa. Da na gama, Yaya ya ce in ba shi biro zai sa hannu a ƙasan nawa. Mutumin da ya sa hannu a kan riguna da ƙwallaye ba iyaka, sai ga shi ya kafa biro ya tsaya. Ya fara, hannun ya tafi ga harafin farko na sunana, ya soke. Ya sake, ya kuma sokewa. Inna ta ji shirun ya yi yawa, ta tambayi abin da ya faru. Na ce mata hannunsa ne ya manta.

Sannan ta ɗaga kai ta kira shi Zubairu, a fili, ta ce ya rubuta yadda ubansa ya raɗa masa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yaya ya kifa kai a kan takarda, sai da na janye ta don kada ta jiƙe. Bayan ya natsu ya rubuta, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.

Yallaɓai, tsohuwar da ta riƙe alkunya shekara talatin da uku ta ajiye ta jiya don a gyara wannan magana. Abin da ya rage sa hannu ɗaya ne, kuma naka ne.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirya maka zuriya, ya sa kujerar nan ta zama hujja gare ka ba a kanka ba. Allah ya sauƙaƙa maka faɗin gaskiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya duniya da lahira. Inna ta ce in gaya maka, in Allah ya sa ta je, za ta sa ka a addu'a a gaban Ɗakin, da sunanka na gaskiya.

Wassalam.

Naka,
Habibu Maikuza, tela, Gangare, Jos.

Na ji abin da ƙanina ya rubuta, kuma haka aka yi.
Zubairu Maikuza, lamba huɗu.